Wa Ya Shiga, Wa Ya Ɗore? Waiwaye kan Mata da Tsiraru a Fagen Kimiyya

A tsakiyar shekarun 1950, wata makarantar sakandare a garin Lurgan da ke Arewacin Ailan ta raba sababbin ɗalibanta gida biyu tun a makon farko. Maza aka nuna musu ɗakin gwaje-gwaje, mata kuma aka kora su ɗakin koyon girki da ɗinki. Babu wanda ya ɗauki abin a matsayin zalunci, domin haka aka taras ana yi. Sai da iyayen wata yarinya mai suna Jocelyn Bell da wasu iyayen ƙalilan suka tada jijiyar wuya kafin a bar 'ya'yansu mata su zauna a ajin kimiyya. Da aka yi jarrabawar zangon farko, Jocelyn ce ta zo ta ɗaya.

Katangar wancan zamanin a fili take, a rubuce cikin dokokin makarantu. Jami'ar Kambirij ba ta fara bai wa mata cikakken digiri ba sai a 1948. Babbar makarantar injiniyoyin Faransa, Polytechnique, sai a 1972 ta karɓi mata, kuma a shekarar ce wata budurwa, Anne Chopinet, ta doke kowa a jarrabawar shiga. Maria Goeppert Mayer, wadda ta ci kyautar Nobel ta fiziks a 1963, ta shafe shekaru tana koyarwa da bincike a jami'o'in Amurka babu albashin kirki, saboda ƙa'idar da ta hana ɗaukar matar malami aiki a inda mijinta yake. Sai a 1960 ta samu cikakkiyar kujerar farfesa. Baƙaƙen fatar Amurka kuwa tasu katangar ta fi tsawo. Edward Bouchet ya kammala digirin digirgir a fiziks a Jami'ar Yale tun 1876, amma babu jami'ar da ta waiwaye shi, ya ƙare da koyarwa a makarantar yaran baƙaƙe a Philadelphia har shekara 26. Sai bayan shekara 96, wato a 1972, mace baƙar fata ta farko, Willie Hobbs Moore, ta samu irin wannan digiri a ƙasar.

Jocelyn ta tsallake katangar farko, amma ta tarar da wasu a gaba. A Jami'ar Gilasgo ita kaɗai ce mace cikin ɗaliban fiziks kusan 50 na ajinta. Al'adar wurin a lokacin ita ce da zarar mace ta sako ƙafa zauren lacca, sai maza su kaure da fito da buga tebur. Ta ba da labarin yadda ta koya wa fuskarta daina nuna kunya, don in suka ga alamar ta ji, sai abin ya ƙaru. A 1965 ta wuce Kambirij neman digirin digirgir, ta yi shekara biyu cikin masu kafa turaku da jan wayoyi a wani fili mai faɗin fiye da eka huɗu, suna gina na'urar sauraron saƙon rediyo daga sararin samaniya. Da aka kunna na'urar, sai ta riƙa zana abin da ta jiyo a kan naɗaɗɗiyar takarda, kusan mita 30 kowace rana, kuma Jocelyn ce ke bin takardar nan da ido, taku bayan taku. A watan Agustan 1967 ta lura da wani ɗan ƙazantaccen zane da bai kai santimita ɗaya ba. Malaminta, Antony Hewish, ya fara ɗauka hayaniyar wata na'urar mutane ce a kusa. Ita kuwa ta nace, domin ta lura abin yana dawowa daga wuri guda a sama, yana bin lokacin taurari. Ranar 28 ga Nuwamba, da aka ƙara wa takardar gudu, sai ga bugu a jere, ɗaya duk bayan daƙiƙa ɗaya da sulusi. Abin da ta gano shi ne ragowar tauraron da ya fashe ya dunƙule, faɗinsa kusan kilomita 20 ne, yana juyawa yana watso haske. Shi ne ake kira fulsa a yau.

Da labarin ya fita a 1968, 'yan jarida suka yi ca. Hewish suke tambaya kan taurari, ita kuma su tambaye ta yawan samarinta da awon jikinta. A 1974 aka ba Hewish da Martin Ryle kyautar Nobel, babu sunanta. Ita da kanta ta ce ba ta riƙe abin a zuci ba, tunda a lokacin ɗaliba ce. Abin da ya fi cin rayuwar aikinta ma wani ne daban: ta yi aure a 1968, ta yi ta bin maigidanta gari gari duk inda aiki ya kai shi, tana kama aikin wucin gadi a nan, ta saki ta kama wani a can, tana renon ɗa ba tare da wani tanadi daga wuraren aikin ba. Haka zamanin yake. Duk wadda ta kai gaci, da guminta ta kai, da taimakon uba ko uwa masu taurin kai, da kuma sa'a. Makaranta ba ta ga tana da wani nauyi a kanta ba.

Daga shekarun 1960 dokoki suka fara sauyawa. Amurka ta haramta wariyar launin fata da ta jinsi a wuraren aiki a 1964, ta hana nuna wa mata bambanci a makarantun da ke cin kuɗin gwamnati a 1972, Birtaniya ta bi sahu a 1975. Aka yi zaton magana ta ƙare: an buɗe ƙofa, sauran kuma lokaci zai gyara. Mata da tsiraru suka shigo kuwa, amma sai aka ga suna zarewa ɗaya bayan ɗaya. Masu yawa a shekarar farko, 'yan kaɗan a ta ƙarshe, ƙalilan a digiri na uku, a kujerar farfesa kuwa sai an tona. Bayanin da ya fi sauƙi shi aka runguma, wato laifin nasu ne. Aka ce mata ba su da ƙwaƙwalwar lissafi, baƙaƙe ba su da tushe mai kyau, ko kuma dai ba sa so. Shirye-shiryen tallafin farko a kan wannan fahimta aka gina su: a kira 'yan mata taro a ƙarfafa musu guiwa, a buɗe wa baƙaƙe ajin marasa ƙoƙari. Ana ta ƙara guga a tulun da ke yoyo, ba wanda ya duƙa ya duba gindinsa.

A ganina babban canjin da aka samu cikin shekaru hamsin ɗin nan shi ne sauya wanda ake tuhuma. Da ana tambaya me ke damun yarinyar da ta kasa zama, daga baya aka koma tambayar me ke damun sashen da ya kasa riƙe ta. Kuma wa'azi bai kawo wannan sauyi ba. Awo da ƙidaya ne suka kawo shi, wato makaman da masu kimiyya ba su da bakin musantawa.

A tsakiyar shekarun 1970, wani malamin lissafi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Uri Treisman, ya damu da yadda ɗalibai baƙaƙe da suka shigo da sakamako mai kyau suke faɗuwa darasin kalkulas. Abokan aikinsa kowa da nasa hasashen: talauci, rashin himma, rashin kulawar iyaye. Shi kuwa sai ya bi ɗalibai baƙaƙe 20 da 'yan asalin Sin 20 har ɗakunan kwanansu don ya ga yadda suke karatu. Ya tarar baƙaƙen suna da himma ƙwarai, amma kowa shi kaɗai yake fama a ɗaki, ba ya nuna wa kowa aikinsa don kada a ce bai cancanci zuwa wurin ba. 'Yan Sin kuwa bayan kowa ya yi nasa, sai su haɗu da yamma su ci abinci tare, su baje amsoshinsu, wannan ya kama kuskuren wancan, su yi musayar tsofaffin tambayoyi. Ɗalibin da ke cikin taro yakan gane cewa tambayar da ta gagare shi ta gagari kowa, shi kuwa na kaɗaici sai ya yanke wa kansa hukuncin daƙiƙanci. Treisman ya kafa zaman karatu na rukuni, ya ƙi kiransa ajin taimako, ya sa musu tambayoyin da suka fi na aji wuya. Faɗuwar ta ragu ƙwarai, kuma jami'o'i da dama suka kwafi tsarin.

Awo na biyu da tef aka yi shi, irin na magina. A 1993 Farfesa Nancy Hopkins ta Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT, ta nemi a ƙara mata ɗan fili don ta ajiye tankunan kifin da take bincike a kansu, aka yi ta yi mata yawo da hankali. Sai ta ɗauki tef ta bi ɗakunan gwaje-gwajen ginin tana aunawa. Ta gano cewa ita da ke babbar farfesa, filinta bai kai na ƙananan malamai maza ba, manyan kuwa wasu sun ninka ta har sau huɗu. Da ta tuntuɓi sauran mata, sai kowace ta ce ai ta ɗauka ita kaɗai ce. A lokacin manyan malamai mata masu kujerar dindindin a tsangayar kimiyya su 15 ne kacal, maza kuwa kusan 200. Suka rubuta wa shugaban tsangayar takarda, aka kafa kwamiti, aka baje albashi da fili da kuɗin bincike da kujerun kwamitoci a faifai. Rahoton ya fito a 1999, kuma shugaban MIT, Charles Vest, ya amsa a bainar jama'a cewa da yana ɗaukar rabin ƙorafin mata a matsayin zato, yanzu ya ga mafi yawansa gaskiya ne. Babu wani mugu guda da za a nuna da yatsa. Ƙananan abubuwa ne, wannan an manta da ita a taro, waccan an tsallake ta a rabon kuɗi, har suka taru suka yi tsauni.

A 2012 masu bincike a Yale suka ƙarasa hujjar. Suka aika wa malaman kimiyya 127 takardar neman aiki iri ɗaya sak, sai dai rabi an sa sunan namiji, John, rabi an sa na mace, Jennifer. Malaman suka ce John ya fi ƙwarewa, suka yanka masa albashin sama da dala 30,000 a shekara, ita kuma kusan 26,500. Malamai mata ma haka suka yi. Wannan ya nuna cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba, tunda mai son zuciyar bai ma san yana yi ba.

Daga irin waɗannan bincike tallafi ya sauya kama. A 1988 Freeman Hrabowski da attajirin nan Robert Meyerhoff suka kafa wani shiri a Jami'ar Maryland da ke gundumar Baltimore. Ana zaɓo ɗalibai masu hazaƙa, a biya musu kuɗin karatu, a tara su mako shida kafin a buɗe makaranta su saba da juna da wahalar da ke gaba, a wajabta musu karatun rukuni, a sa su cikin bincike tun suna shekarun farko, kuma in makin ɗalibi ya fara ƙasa akwai wanda zai neme shi tun kafin ya nutse. An fara da samari baƙaƙe 19, aka ƙara mata a shekara ta biyu, daga 1996 kuma aka buɗe wa kowa. Wannan jami'a da ba ta cikin masu dogon suna ta zama kan gaba a Amurka wajen yaye baƙaƙen da ke zarcewa su yi digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci. Kizzmekia Corbett, wadda ta jagoranci wani ɓangare na aikin rigakafin korona na Moderna, a nan aka rene ta.

A Birtaniya kuma aka ɓullo da tsarin Athena SWAN a 2005, Jocelyn Bell Burnell na cikin waɗanda suka assasa shi. Sashe ba ya samun lambar yabo sai ya ƙirga matansa a kowane mataki, ya nuna wa aka ƙara wa girma, wa ta tafi haihuwa ba ta dawo ba, sannan ya rubuta abin da zai yi a kai. Da farko ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, sai a 2011 da hukumar ba da kuɗin binciken lafiya ta ce ba za ta saurari wanda ba shi da lambar azurfa ta tsarin ba. Nan take shugabanni suka farka. A 2018 kuma aka ba Jocelyn wata kyauta ta dala miliyan 3, ta miƙa kuɗin gaba ɗaya ga ƙungiyar masana fiziks ta Birtaniya don a ɗauki nauyin digirin digirgir na mata da tsiraru da 'yan gudun hijira. Dalilinta abin lura ne. Ta ce tsoron kada a kore ta daga Kambirij, ganin kanta bare a wurin, shi ya sa ta bin takardar nan da ƙwaƙƙwafin da wani ba zai yi ba. Wato wanda ya zo daga gefe yakan ga abin da 'yan gida suka saba tsallakewa.

To, me aka samu? An samu, amma ba a kai inda ake zato ba. A farkon shekarun 1970 matan da ke samun digirin digirgir a fiziks a Amurka ba su kai 5 cikin 100 ba, zuwa 2017 sun kai kusan 20. Daga 1901 zuwa 2017 mata biyu ne kawai suka ci Nobel ta fiziks, Marie Curie a 1903 da Goeppert Mayer, amma daga 2018 zuwa 2023 an samu uku: Donna Strickland, Andrea Ghez da Anne L'Huillier. Ta ɓangaren baƙaƙe kuwa labarin ba daɗi. Wani rahoton cibiyar fiziks ta Amurka na 2020 ya nuna kasonsu cikin masu digirin farko a fannin raguwa ya yi maimakon ƙaruwa, bai kai 4 cikin 100 ba, alhali sun kai kusan 13 cikin 100 na al'ummar ƙasar. Dalilan da rahoton ya zayyana su ne dai na Treisman: rashin jin cewa nan wurinka ne, rashin mai jan hannu, da ƙarancin kuɗi. Har yau babu baƙar fata ko ɗaya da ya ci Nobel a fiziks ko kemistiri ko likitanci. Athena SWAN ma an yi ta ƙorafin cewa cike takardunsa a kan matan da ake son taimaka wa yake ƙarewa, kuma a 2020 aka cire sharaɗin kuɗin. Sannan iska ta juya a Amurka: a watan Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma gwamnatin Trump ta ba da umarnin rufe shirye-shiryen daidaito a ma'aikatun tarayya, aka soke tallafin ayyuka da dama. Abin da aka gina cikin shekara arba'in ashe sa hannu ɗaya na iya girgiza shi.

Masu adawa suna cewa kimiyya ba ta san jinsi ko launi ba, a bar cancanta ta yi halinta. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, kuma mu 'yan Arewa mun san muhawarar nan ciki da bai, domin a Nijeriya mu ne waɗanda ake ware wa kaso. Tsarin shiga jami'o'in tarayya ya ba cancanta 45 cikin 100, yankin da jami'a take 35, jihohin da aka bari a baya a ilimi kuma 20. Mun san amfanin wannan, mun kuma san ɗacin a kalle ka a ce ɗan kota ne. Abin da gogayya ta koya mana shi ne kaso yana shigar da yaro aji, amma ba ya koya masa kalkulas. Abin da ya yi mana aiki na haƙiƙa shi ne irin makarantar share fagen shiga jami'a ta Zariya, da makarantun kimiyya da Jihar Kano ta buɗe a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977: a zaɓo yara ta jarrabawa, a ajiye su wuri ɗaya, a ba su kayan aiki da malamai na gari, su yi ta gogayya da juna. Shekara 11 ke nan kafin shirin Meyerhoff, kuma dabarar kusan ɗaya ce. Likitoci da injiniyoyin Kano da Jigawa da yawa daga nan suka fito, babu kuma mai iya ce musu alfarma aka yi musu. Na 'yan mata, irin su Taura da Garko, daga baya suka zo.

Masu jingina ƙarancin matanmu a wannan fage ga addini kuwa, alƙaluma ba su goyi bayansu ba. Rahoton UNESCO na 2021 ya nuna cewa a Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Oman mata sun haura 40 cikin 100 na masu kammala karatun injiniya, alhali a Amurka kusan 20 ne, a Japan ma ba su kai haka ba. Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta ci lambar Fields ta lissafi a 2014, a makarantar 'yan mata masu hazaƙa ta Tehran ta tashi. Mu ma muna da namu. Deborah Ajakaiye, haifaffiyar Jos, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1970, ta zama farfesa a 1980, kuma ita ake ɗauka mace ta farko da ta kai wannan matsayi a fiziks a Afirka. Ta karaɗe ƙasar nan da ɗalibanta suna auna ƙarfin jan ƙasa don gano abin da ke binne a cikinta. Farfesa Rabi'a Salihu Sa'id ta Jami'ar Bayero an yi mata aure tana shekara 18, ta shiga jami'a tana 29 da 'ya'yanta, ta ci lambar yabo ta duniya a 2015 kan binciken yanayin sararin samaniya, a lokacin da wutar da take samu don aikin ba ta wuce ta awa huɗu a rana ba. Fadji Maina, 'yar Damagaram, masaniyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ta kama aiki da NASA a 2020. Ƙungiyar injiniyoyin Nijeriya da aka kafa a 1958 sai a 2024 ta samu shugaba mace, Margaret Oguntala.

Muna son irin waɗannan labarai, mu yi ta yaɗa su duk ranar 11 ga Fabrairu da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata a kimiyya. Amma in aka duba da kyau, yawancinsu labaran wancan tsohon zamanin ne, na mace ɗaya mai naci da gida ɗaya da ya tsaya mata. Nauyin da hukuma ya kamata ta ɗauka, a wurinmu uba ne ko miji ke ɗauka, in an dace da na kirki. Wadda ba ta dace ba kuwa ba ma jin labarinta.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da mu. Al'ummarmu ta yarda 'ya mace ta karanta likitanci ko jinya ko unguwar zoma saboda hujja ɗaya mai ƙarfi: mata su duba mata. Wannan hujja ta buɗe ƙofofi da yawa, Allah ya saka wa waɗanda suka yi ta faɗarta. Sai dai ta tsaya a bakin asibiti. Yarinyar da ta fi kowa lissafi a aji, in ta ce injiniyan lantarki take so, sai a ce mata, “Ke kuwa 'yar nan, hawa falwaya za ki yi?” Da yawa daga cikin waɗanda ke sashen fiziks ma likitanci suka nema ba su samu ba aka turo su nan, suna zaune da shirin gudu. Ba a tuna cewa likitar da ake so sai ta ci fiziks kafin ta shiga jami'a, kuma wani ne zai koya mata. Na'urar hoton ciki da ta gashin ciwon daji da mata ke kwanciya a ƙarƙashinsu, masana fiziks ne ke daidaita su.

A shekarun da na yi ina koyarwa na sha ganin yadda abin ke farawa tun daga teburin firaktikal. Yara shida sun kewaye tebur, an rataya zare da ɗan dunƙulen ƙarfe a ƙarshensa, ana son auna lokacin da zai ɗauka ya yi lilo sau 20. Kafin malami ya rufe baki, wani yaro ya cafke agogo, wani ya ɗauki ma'auni, wani ya ja zaren. Yarinyar da ke cikinsu sai a miƙa mata biro a ce, “Ke rubuta mana, rubutunki ya fi kyau.” Ta ja layi tsaf, ta jera lambobi, ta zana giraf, rukuni ya ci maki, kowa ya ji daɗi. Zango ya ƙare ba ta taɓa sakin zaren da hannunta ba, ba ta san yadda jinkirin yatsa a kan agogo ke ɓata lissafi ba. Ranar jarrabawa, da ta tsaya ita kaɗai gaban kayan, hannunta ya ɗauki rawa, sai a ce ai dama mata ba su iya firaktikal ba. Maganin wannan ko kwabo ba ya ci: malami ya sa a riƙa karɓa-karɓa, kowa ya taɓa komai. A makarantar 'yan mata zalla matsalar ba ta ma tasowa, tunda dole wata ta riƙe agogon.

Sai dai makarantun kwanan da suka fi yi wa 'yan mata amfani su ne rashin tsaro ya fi kai wa hari. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilun 2014 sun taru ne don jarrabawar ƙarshe, ciki har da ta fiziks. Makarantar Dapchi da aka kwashi ɗalibai 110 a Fabrairun 2018 kwalejin kimiyya da fasaha ce ta 'yan mata. Bayan sace ɗalibai a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe, jihohi da dama sun rufe makarantun kwana na karkara. Uban da ya ce 'yarsa ba za ta koma ba, ba jahilci ne ya sa shi ba. A nan tallafa wa mata a kimiyya yana farawa ne daga katanga da mai gadi da hanyar da za a bi lafiya.

Abin da ya rage mana daga darasin waɗancan ƙasashe shi ne ƙidaya. Muna ƙirga waɗanda suka shiga, mu yi murna, ba ma ƙirga waɗanda suka fita. Kowane shugaban sashen fiziks ko injiniyanci yana da rajista a ofishinsa. Ya buɗe ta shekara goma baya, ya ga mata nawa suka fara, nawa suka gama, nawa aka riƙe a matsayin ƙananan malamai, nawa aka tura ƙaro karatu da kuɗin asusun TETFund, sauran kuma a wane mataki suka ɓace. Ya yi irin wannan lissafi ga 'yan ƙauyen da ba su taɓa ganin malamin fiziks ba sai a jami'a, da masu lalurar gani ko ta ƙafa da ɗakin gwaje-gwaje ke saman bene ba hanyar hawa. Amsar za ta nuna masa inda gyara yake: iyakar shekaru a tallafin karatu da ke kore wadda ta tsaya haihuwa, rashin ɗakin masu goyo, darasin da ake sawa bayan magariba, da rashin amintacciyar hanyar kai ƙarar malamin da ya nemi ɗalibarsa da lalata. Yawancin waɗannan ba sai an jira Abuja ko Yamai ba, majalisar jami'a na iya zartar da su a zama ɗaya. Sashen da ya yi wannan lissafi ya kafe shi a allon sanarwa kowace shekara zai sha kunya a karon farko, amma daga nan ba wanda zai sake ce masa matan ne ba sa so.